Sunana a Bakin Inna

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Azahar

Malama Sadiƙa, mai tace min rubutu, ita ce ta aiko min da saƙo wai in sayi littafi in riƙa zuba abin da ke raina a ciki, don kada in zuba shi a labarin da nake rubutawa. To ga shi na saya, mai shafi tamanin, irin na ɗalibaina. Amma ta makara, na riga na fara zubawa a can.

Yau kwana goma sha uku da muka binne Kausar. Shekararta huɗu. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Wadda zan rubuta a kanta ita ce Inna Saude, matar da ta haife ni. Ta zo daga Gwangwan ranar da abin ya faru, ta yi kwana uku a gidana a nan Karaye. Ta yi wa matata Ruƙayyatu ta'aziyya, ta yi wa maƙwabta, ta yi wa mai kawo mana ruwa. Har akuyar gidan nan na ji tana yi wa magana. Ni kuwa, uban yarinyar, ko kallo ban ishe ta ba. In na shigo tsakar gida sai ta ja mayafi ta juya baya. Da za ta tafi sai ta ce da Ruƙayyatu, "Ki gaya wa na wajen Jibo na wuce." Ina tsaye a zaure, tsakanina da ita bai fi taku huɗu ba.

Na wajen Jibo. Shekara talatin da takwas, sunana ke nan a bakinta, tun da aka yaye ni aka kai ni riƙo gidan Baffa Jibo, wan babana, a Yammedi. Wai kunya ce. Ni ne ɗan fari, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san da zamansa. Na sani, ai malamin Hausa ne ni, har jarrabawa nake yi wa yara a kan wannan al'adar, in ba su maki. Amma ban taɓa ganin inda aka ce ko 'yarsa ta mutu haka za a yi masa ba.

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

An koma makaranta. Na rubuta kwanan wata a allo, na tsaya ina kallonsa har aji ya fara tari.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Na gama babi na goma sha ɗaya na labarina, Yayayyen Maraƙi. A zama biyu na rubuta shi.

Shekara bakwai ke nan hanyarmu ɗaya. In na rubuta babi sai in kai wa Malama Sadiƙa a Rogo ta tace, in ta sa hannu sai in tura wa Munawwara a Kano, ita kuma ta karanta da muryar nan tata mai sa mata kuka, ta sake shi a WhatsApp ranar Juma'a. Matan Gwangwan suna ji. Ƙanwata Zakiyya ce take kunna musu a wayarta a gindin tsamiyar ƙofar gida in sun zauna ɓarar gyaɗa, kuma Inna tana wurin. Ba ta taɓa cewa uffan a kan rubutuna ba, amma Zakiyya ta ce ba ta tashi sai an kai ƙarshe.

A babi goma na baya, uwar yaron labarin, Tani, na bar ta can nesa, ba wanda zai ce ga wadda nake nufi. Yau na jawo ta fili. Na ba ta tabon ƙunar da ke wuyan hannun Inna na hagu. Na ba ta tsamiya a ƙofar gida. Na ba ta gyaran muryar nan da Inna take yi sau biyu kafin ta yi magana. Na ba ta kwana ukun zaman makoki, taku huɗu da komai. Sannan na kwantar da ita ciwo ita kaɗai a ɗaki, ƙishirwa tana cin ta, ɗan yana tsaye a bakin ƙofa da moɗar ruwa, yana jira ta kira sunansa ya ba ta. Ba ta kira ba, shi ma bai ba ta ba. Haka ta cika.

Ina so ta ji shi a gaban matan garinsu. Ina so kowacce ta ajiye gyaɗa ta juyo ta kalli hannunta na hagu.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na je Rogo. Rabona da hanyar nan tun ranar Talatar da muka rasa Kausar. Ruwa ya ƙara cinye ta, sau biyu na sauka ina tura babur.

Malama ta tare ni tun daga zaure. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Zaharaddini, ya haƙuri? Zaharaddini, Allah ya sa mai ceto ce." Sai da na ƙirga, sau biyar ta faɗi sunana kafin in zauna. Matar da ba mu haɗa komai ba sai aji da alli, ita ta koyar da ni a sakandare, ita ta fara cewa rubutuna ya fi ƙarfin jarrabawa. A littafina na biyu na rubuta a shafin farko cewa na sadaukar da shi ga uwar da na zaɓa. Ta goge da jan bironta, na mayar, ta sake gogewa, na mayar a wurin bugawa ba da saninta ba.

Muka zauna a rumfarta kamar kullum. Ta sa tabarau, ta buɗe jan biro, ta karanta a fili a hankali, yatsanta yana bin layi. Ni na san Malama: in shafi ya yi ja kamar an yanka kaza a kai, to ta so shi. Yau ta kai ƙarshe, ta rufe biron, shafi goma sha huɗu ko ɗigo ba ta sa ba. Nan na sha jinin jikina.

Ta tambaye ni me Tani take yi in yaron ya fita daga tsakar gida. Na ce me kuwa za ta yi, harkarta take ci gaba da yi. Ta ce ta ina na sani. Na ce ni na rubuta ta. Ta ce to ni na rubuta bayanta, don tun daga farkon babin har ƙarshe ƙeyar matar nan kawai take gani, ba ta ga fuskarta ba, ba ta ga cikin ɗakinta ba. Sai ta kawo min dokarta ta kullum, wadda ta sa na yi kwana biyu cikin masunta a bakin dam saboda shafi uku, na dawo ina warin kifi mako guda: abin da ban zauna a cikinsa ba, ba zan rubuta shi ba. Wai in je Gwangwan in wuni a gidan Inna, in zauna inda za ta manta da ni, in dawo in sake babin.

Na ce shekara talatin da takwas ta yi tana mantawa da ni, wuni ɗaya ba zai ƙara min ilimi ba. Ta miƙo min littafin ta ce ba ta sa hannu ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, da safe

Ba zan je ba.

Talata, 17 ga Satumba, bayan an tashi daga makaranta

Malama tana son fuska, to ga fuska.

Ina da shekara tara, wani maraƙin Baffa Jibo ya tsinke a hannuna ya shiga gonar mutane. Ranar ana biki a Yammedi, 'yan Gwangwan sun zo. Baffa ya ɗaure ni a turke, ya ninka igiyar shanu gida biyu, ya fara dukana. Ina ihu sai na hango ta ta shigo da ƙwarya a ka. Na daina kiran Allah na koma kiran Inna. Ta zo daidai inda nake, ta gaida Baffa, ta tambaye shi ya gida ya shanu, ya amsa mata da igiyar a hannunsa, ta wuce cikin gida. Ko ƙwaryar ba ta girgiza ba.

Wannan ma yana cikin babin, kuma ban ƙara masa gishiri ko kaɗan ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da rana

Ruƙayyatu ta zo kawo min abinci ta ce, "Abban Kau…" sai ta tsaya. Ta ajiye kwanon ta fita. Yanzu mata biyu ke nan ba su da abin kirana.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan masallaci

Babu babi yau. Munawwara ta kira sau uku, wai masu sauraro sun dame ta. Na ce ta ce musu marubucin yana zaman makoki.

Ruƙayyatu ta ga littafin da na rubuta babin a ciki a kan tabarma, ta karanta ba izini. Da ta gama ba ta yi faɗa ba, ita ba ta iya faɗa ba, sai dai ta jera maka magana kamar tana jera kwanuka. Ta ce Inna ce ta yi wa Kausar wanka. Ta ce ita ta ɗinka likkafanin da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Ta ce kwana ukun nan ba ta ga loma ta shiga bakinta ba, kuma kullum ita take zuba nawa abincin, ta rufe, ta ce a kai zaure.

Na ce duk wannan Kausar aka yi wa, da ke, da cikina. Ni me aka yi min? Kalma ɗaya na nema. Ko ba suna, ta ce sannu.

Sai ta ce, "Malam, ni ma akwai kalmar da nake jira daga wurinka tun ranar, ban kai ka WhatsApp ba."

Na tashi na ɗauki hulata. Ba zan rubuta wannan a nan ba.

Asabar, 21 ga Satumba, gab da Magariba

Na koma Rogo da babin yadda yake, na ce ko ta huce. Na tarar ɗanta Mu'az ya zo daga Kano, wanda yake aikin asibiti. Mun sha gaisawa da shi, mutum ne mai fara'a.

Muna rumfa ni da Malama sai ya fito zai tafi, ya durƙusa daga nesa ya ce zai koma. Malama ba ta ɗago daga shafin ba. Ta ce da ni, ni da nake baƙo, "Ka ce wa wancan na Kano akwai ƙullin gyaɗa da daddawa a bayan ƙofa, kada ya bari." Ya yi murmushi ya ɗauka ya fita. Tana jin ƙarar motarsa ta yi nisa sai ta tashi ta je bakin zaure ta tsaya, ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta dawo ta zauna tana neman tabaran da ke fuskarta.

Shekara bakwai ina shiga gidan nan. Wallahi sai yau na lura ban taɓa jin sunan Mu'az a bakinta ba.

Na ce, "Malama, ke ma?"

Ta ce ita ma. Ta ce shi ne na farinta, tana da shekara sha bakwai ta haife shi, kakarsa ta ɗauke shi, kuma har yau in ya shigo ɗaki sai ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce ba ta ce al'adar daidai ce ba, 'ya'yanta mata ba sa yi, kuma ba ta hana su ba. Amma ita haka aka gina ta, in aka ce ta kira sunansa a gabansa ji za ta yi kamar an ce ta fita kasuwa ba zane. Ta ɗora hannu a kan littafina ta ce, "Zaharaddini, in wani ya tsaya a zaure ya rubuta ni, Tani zai rubuta. Shi ya sa ba zan sa hannu ba. Ba don ka yi wa uwarka rashin kunya ba, wannan tsakaninka da Allah ne. Don babin ƙarya ne."

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ce ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ashe sunana da take ta faɗa arha ne a wurinta don ba ita ta haife ni ba. Na ce ta je ta tambayi Mu'az ko an taɓa ɗaure shi a turke tana wucewa. Na ce uwar da na zaɓa ma ashe ban iya zaɓe ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Sai ta rufe jan biron ta sa a aljihun jakarta.

Na fito ban yi sallama ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da hantsi

Na zauna na buga babin a waya da kaina. Yatsana ya yi ciwo, amma na ji daɗin kowane harafi.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe ɗaya

Na tura wa Munawwara. Ta tambaya ko Malama ta gani. Na ce ta gani. Ai ba ƙarya na yi ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da yamma

Na kira Zakiyya kamar gaisuwa kawai. Na tambaye ta ko sun fara cire gyaɗa, ta ce sun fara, bana ta yi kyau, kullum gindin tsamiya cike yake da mata. Na tambaya ko wayarta tana da caji da kati, na ce jibi akwai babi mai daɗi, kada ta bari kowa ya rasa. Ta ce, "Yaya, ai Inna ma jiya ta tambaya wai shiru ba a ji ci gaban maraƙin nan ba."

To za ta ji.

Juma'a, 27 ga Satumba, ƙarfe uku

Ya fita. Minti arba'in da ɗaya. Munawwara ta yi gyaran muryar nan sau biyu daidai yadda na kwatanta mata.

Juma'a, bayan La'asar

Saƙonni suna ta shigowa. Wata daga Zariya ta ce Allah ya isa tsakaninta da Tani. Wata ta ce da ita ce ɗan, moɗar ma a gabanta za ta zubar. Wani ya ce bai taɓa tsanar mutumin littafi haka ba. Na karanta su duka, wasu sau biyu. Yau na ci abinci har na nemi ƙari, Ruƙayyatu ta zubo min ba ta kalle ni ba.

Asabar, 28 ga Satumba, da safe

Zakiyya ta kira tana kuka. Ta ce mata sun fi ashirin a wurin. Ta ce da aka zo kan tabon hannu wata ta yi dariya ta ce kamar na Saude, da aka zo kan tsamiya dariyar ta tsaya, da aka zo kan taku huɗu ba ka jin motsin komai sai muryar waya. Ta ce ta kai hannu za ta kashe, Inna ta ce ta bari. Ta ji shi har ƙarshe, hannunta bai daina ɓare gyaɗa ba, ba ta kuma ja hannun riga ta rufe tabon ba. Da aka gama ta ce a mayar mata wurin turke ta sake ji. Aka mayar. Sannan ta tattara gyaɗarta ta shiga gida.

Na tambaya ta yi kuka? Zakiyya ta ce, "Yaya, abin da ka kira ka ji ke nan?" Ni ban kira ba, ita ta kira, amma ta kashe kafin in tuna mata.

Ban ji komai ba sai sanyi a ƙirji, irin na wanda ya sauke buhu. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Litinin, 30 ga Satumba, da rana

Wani malami ɗan Gwangwan da muke aiki tare ya ja ni gefe ya ce yaran gari sun fara kiran gidanmu gidan Tani. Ya ce Inna ta daina fitowa gindin tsamiya, ko rijiya Zakiyya ce take zuwa. Yana faɗa yana kallon takalminsa. Na ce labari ne ƙirƙirarre, wanda ya ga kansa a ciki shi ya sani.

Zakiyya ba ta ɗaukar wayata.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ba makaranta yau. Saƙo ya shigo daga Malama, na kwafe shi a nan don in goge shi daga wayar:

"Zaharaddini, na saurara. Kada ka kawo min na goma sha biyu. Abu ɗaya ya rage in faɗa maka, tun da na ga ba wanda zai faɗa. Ranar Talatar nan a rumfata kake. Ni na ce ka kashe waya kamar yadda muka saba in muna karatu, kai kuma ka kashe, ka san ka baro yarinya da zazzaɓi. Awa huɗu muna gardama a kan waƙafi, matarka tana nemanka a waya ka zo da babur a kai yarinyar asibiti. Ni ban yi barci mai daɗi ba tun ranar. In akwai waɗanda za ka rubuta, ni ce da kai. Saude ba ta cikin wannan."

Ƙarya take yi. Wato ba ƙarya ba ce, amma ba hurumin edita ba ne. Wa ya tambaye ta?

Talata, bayan Azahar

Da na kunna wayar ranar, kira goma sha ɗaya na gani.

Laraba, 2 ga Oktoba, da safe

Wannan daban, wancan daban. A turke dai an ɗaure ni, kuma Inna ta wuce.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da yamma

Na zauna zan fara na goma sha biyu. Tani ta mutu, ɗan yana tsaye da moɗa. To sai me? Na yi awa biyu, ban san inda zai ajiye moɗar ba. Da a da ne sai in hau babur in tafi Rogo.

Munawwara tana tambaya. Na ce gobe ma babu.

Ruƙayyatu ta ce jibi arba'in, za ta yi gumba a raba wa yaran unguwa. Ta ce ta aika Gwangwan. Na ce Inna ba za ta zo ba. Ta ce, "Za ta zo, ai ƙawarta ce." Haka Inna take kiran Kausar, ƙawata.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

Ta zo.

Ina zaune a zaure da hantsi, ni kaɗai, mutanen addu'a sun watse. Na ji babur ya tsaya, na ji gyaran murya sau biyu. Na gyara zama na kau da kai don in ba ta hanya ta wuce yadda ta saba. Na riga na shirya fuskata, na ce yau ko ta zage ni ta bakin Ruƙayyatu riba ce.

Ba ta wuce ba. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta zauna a kan tabarmar da nake kai, ta fuskance ni. Mayafinta yana kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskarta gaba da gaba haka ba. Ashe tana da ɗan baƙin tabo a ƙasan ido, ashe haƙorinta ɗaya na sama ya fita. Ta rame.

Ta ce, "Zaharaddini, ina kwana."

Daidai ta faɗe shi, ba gargada, kamar kullum tana faɗa. Na amsa mata.

Ta ce, "Zaharaddini, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yarinya, Allah ya sa mai ceto ce, Allah ya ba da wasu masu albarka." Ta tambaye ni ya makaranta, ya ɗalibai, ya hanya da wannan ruwa. Ta bi gaisuwar nan tsaf, ba ta tsallake ko ɗaya ba, idonta cikin nawa. Ruƙayyatu ta kawo ruwa da gumba ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Inna ta ɗauki kofi ta sha a gabana, ta gutsiri gumba ta ci a gabana. Ni da ban taɓa ganin ta kai ko ƙwayar gyaɗa baki ba.

Sai ta ce ta ji labarina, an karanta shi da kyau. Ta ce wurin turke gaskiya ne, haka aka yi. Ta ce ranar da ta shiga cikin gida ta sauke ƙwaryar, a murhun matar Jibo ta dafa hannu ba ta sani ba, sai da aka janye ta. Ta ɗaga hannun hagun kaɗan ta mayar. Ta ce da ta buɗe baki a gaban wan mijinta saboda ɗan fari, da har ta mutu ana yi mata gori da shi, ni ma ana yi min. Ta ce ba ta zo don wannan ba, ta faɗa ne don in gyara in zan sake bugawa.

Na ce, "Inna…"

Ta ce in bari ta gama, hanya gare ta. Ta ce abin da na nema a gaban duniya ga shi ta kawo min har gida, suna da gaisuwa da ta'aziyya, in akwai saura in faɗa ta cika.

Na ce, "Inna, yau kuma ba kya jin kunyata?" Da gatse na so in faɗa, amma ba haka ya fito ba.

Ta ce, "Ɗana nake jin kunya. Kai kuwa malami ne mai rubuta littafi, kunyar me zan ji?"

Ta shiga ciki ta yi wa Ruƙayyatu addu'a, ba ta fi minti goma ba, ta fito. Mai babur yana jiranta. Ta tsaya a gabana ta ce, "To Malam Zaharaddini, sai wata rana. A gaida mutanen makaranta."

Na raka ta har bakin titi, yadda ake raka baƙo. Na riƙe mata babur ta hau. Ta yi min godiya.